Tambaya da Amsa: Zagaye da Zaman Tattaunawa a Baje Kolin Zanen Zamani

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen zane na wata jami'a a Arewa, ina son zuwa ART X a Legas bana. Ba ni da kuɗin sayen komai. Na ga ana sa zagaye da ɗan jagora da kuma zaman tattaunawa a jadawalin irin waɗannan taruka. Sun cancanci lokacina, ko in yi yawona ni kaɗai?
*Daga wata ɗaliba, Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da sanin inda za ki. ART X, wanda Tokini Peterside ta kafa a 2016, kasuwa ce ta kwanaki kaɗan da ke ci a farkon Nuwamba a Victoria Island. Gidajen sayar da zane ne ke kama rumfuna da kuɗinsu, kowa ya rataye abin da yake sa ran zai sayar. Ya bambanta da Dak'Art na Dakar, wanda gwamnatin Senegal ke ɗaukar nauyinsa duk bayan shekara biyu, inda masu tsarawa ke zaɓen ayyuka bisa jigo. A kasuwa ba wanda ya jera miki ayyukan bisa tarihi ko salo. Aikin dattijo na shekarun 1970 zai iya zama daf da na yaron da ya gama karatu bara, kuma ɗan katin da ke gefe suna da shekara da kayan aiki da girma kawai yake faɗa. Giɓin da zagayen ke cikewa ke nan, kuma wanda bai zo saye ba shi ya fi kowa cin moriyarsa.

Zagaye mai kyau yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, da mutum goma zuwa sha biyar, a tsaya wuri shida zuwa takwas. Ba zai kai ki kowace rumfa ba, kuma bai kamata ya kai ki ba. Ki sa sunanki da wuri, ki zaɓi na safe, domin da rana ta yi jama'a sukan cika hanyoyin har muryar jagora ta ɓace. Ki riga lokacin da rabin awa, ki ratsa zauren ke kaɗai ba tare da karanta katin komai ba, ki rubuta lambar rumfa uku da suka tsayar da ke. Idan jagora bai bi ta nan ba, sai ki tambaye shi a ƙarshe. Wanda ya fara da zagaye kai tsaye yakan koma gida da idon jagora, nasa bai yi aiki ba.

Ki kuma tambayi jagoran wa yake wa aiki. Ba rashin kunya ba ne. Na masu shirya taron yakan yi ƙoƙarin yin adalci tsakanin rumfuna, amma mai ba attajirai shawarar saye yana da inda yake son a tsaya.

Tambayoyin da ke buɗe bakin mai rumfa na sana'a ne: da me aka yi, a kan me aka shafa, wata nawa ya ci, daga wane jerin ayyuka ya fito. "Me wannan yake nufi?" amsar da aka haddace take jawowa. Kina da abin da yawancin baƙi ba su da shi: a garinku aka kafa ƙungiyar ɗaliban zane ta 1958, ta su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka dage a haɗa dabarun Turai da gadon gida. Da yawa daga abin da za ki gani a bango jikokin wannan ra'ayi ne, ko masu jayayya da shi.

Zaman tattaunawa kuwa, ki zaɓi biyu a yini, kada ki wuce haka. Wanda mai zane ɗaya ke zama a yi masa tambayoyi kan aikinsa ya fi amfani ga ɗalibi a kan wanda aka ba babban take irin makomar fasahar Afirka, inda kowa ke faɗin abin da aka riga aka sani.

Tambaya: Ni malamin zane ne a makarantar sakandare. Ina son kai ɗalibai talatin baje koli irin wannan. Yaya zan tsara?
*Daga wani malami, Kaduna*

Amsa: Malam, talatin sun yi wa jagora ɗaya yawa. Rumfa ɗaki ce ƙarama mai bango uku. In mutum talatin suka tsaya, na gaba goma ne ke gani, na baya hira suke, kuma mai rumfa yana hararar ku don kun toshe wa masu saye hanya. Ka raba su uku, goma-goma, kowane rukuni da babba ɗaya a baya ban da jagora, su fara daga kusurwa daban-daban.

Ka rubuta wa masu shirya taron wata ɗaya zuwa biyu kafin lokaci, ka faɗi adadi da shekarun yaran da harshen da suka fi ji, ka nemi sa'ar farko bayan buɗe ƙofa. Ranar farko galibi ta manyan baƙi da masu saye ce, da katin gayyata ake shiga, kada ka sa ta a lissafi. Ka kuma nemi jagora ya gaya maka hanyar da zai bi tun kafin ranar, domin a kasuwar zane akan rataye hoton tsiraici ba tare da sanarwa ba, kuma kai ne za ka amsa wa iyaye.

Jakar goyo ita ce babbar mai ɓarna. Yaro ya juya don ya kira abokinsa, jakar ta share sassaƙa daga kan dakali. A ajiye su a ƙofa ko a cikin mota. Fensir za a riƙe, ban da biro da ruwan sha. Kowane yaro ya tsaya taku ɗaya daga bango, ya nuna da baki, hannu a baya. Ka ba kowa aiki guda: ya zaɓi aiki ɗaya, ya zana shi cikin minti goma, ya kwafi katinsa. Bayan awa ɗaya da rabi ka fitar da su, hankalinsu ya riga ya fita.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta masu zane da masu ɗaukar hoto za ta yi ƙaramin baje koli, muna son haɗawa da zaman tattaunawa kamar yadda ake yi a Legas. Wanda muka yi a baya ya watse: an fara a makare, mutum ɗaya ya cinye lokaci, jama'a suka tashi. Ina gyaran yake?
*Daga sakataren wata ƙungiya, Kano*

Amsa: Abin da ya faru da ku a kan takarda ya lalace tun kafin ranar. Masu magana uku, da mai jan ragama ɗaya, awa ɗaya: minti biyar na gabatarwa, arba'in na tattaunawa, sha biyar na tambayoyin jama'a. Da zarar masu magana sun kai biyar, kowa minti takwas ya rage masa, kuma ba wanda zai amsa wa wani, sai jawabai a jere.

Take ya zama tambaya da mutane za su iya saɓa wa juna a kanta. "Fasaha da ci gaban al'umma" ba ta da abokin gardama. "Nawa ya kamata gidan sayar da zane ya cire daga kuɗin aiki?" tana da shi, tunda a kasuwar duniya rabi ne abin da aka saba, kuma masu zane da yawa na ganin ya yi yawa. Ku zaunar da mai zane da mai sayarwa da mai saye, za ku ga ba wanda ya duba agogo. Haka ma tambayar ko marinar Ƙofar Mata da masu ɗinkin hula suna da gurbi a baje kolin zanen zamani. Tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira ashirin, sun shiga manyan gidajen nuni na Turai, El Anatsui na Ghana kuma da marafan kwalabe ya yi suna, don haka akwai abin kafa hujja ta kowane ɓangare.

Mai jan ragama shi ne rabin zaman. Kada a ba shi don girma, a ba wanda zai iya katse dattijo cikin ladabi, ya ce "Ranka ya daɗe, bari mu ji ta bakin Hajiya a kan wannan." Ya kira kowane mai magana a waya mako ɗaya kafin ranar, ya gaya masa tambayar farko da zai yi masa da mintunan da yake da su. Tarihin masu magana a buga a takarda, a baki layi biyu ya isa. Jawabin shugaban taro da na babban baƙo da na uban taro a kai su bikin buɗewa. In suka shigo cikin awar nan, ta ƙare.

Kayan aiki: makirufo ɗaya ga kowane mai magana, ɗaya mai yawo na jama'a, da batir na ajiya. Makirufon jama'a ya zauna a hannun ɗan ƙungiya, shi zai miƙa wa mai tambaya a baki, domin wanda ya karɓe shi a hannunsa wa'azi zai yi. A tara hotunan duka masu magana a kwamfuta ɗaya tun ana gobe za a yi zaman, kowa kada ya wuce goma, kowane hoto da suna da shekara da girma. Sauya kwamfuta a tsakiyar zama yakan ci minti biyar kuma igiyar ba ta cika dacewa ba. A gwada majigi a daidai sa'ar da za a yi zaman, saboda hasken taga yana wanke launi, kuma magana a kan zanen da ba a gani ɓata baki ne. Janareta ya yi nisa da taga, a tashe shi kafin a fara, kada a jira a ɗauke wuta. Zauren tattaunawa kuma ya rabu da na nuni da ƙofa mai rufuwa.

Lokaci: ku sa zaman tsakanin sha ɗaya na safe da azahar, ko bayan la'asar da minti ashirin. Wanda kiran salla ya raba biyu ba ya sake haɗuwa. Harshe kuma a yanke tun farko. Tafinta mai bin kowace jimla yana ninka lokaci biyu. In dole ne, a rage masu magana zuwa biyu, ko mai jan ragama ya taƙaita da ɗaya harshen bayan kowane zagaye. In za ku naɗa, ku nemi izinin masu magana a rubuce, ku ɗauki sautin daga na'urar haɗa sauti kai tsaye, wayar da aka ajiye a tebur tari da jan kujera take kamawa.

Tambaya: Mene ne jan ɗigon da ake mannawa a gefen wasu ayyuka? Kuma ana iya tambayar farashi a tsakiyar zagaye?
*Daga wani mai karatu, Maraɗi*

Amsa: Jan ɗigo yana nufin an sayar. Tambayar farashi ba laifi, don haka aka zo, amma ka bari a gama zagayen ka dawo kai kaɗai. Mai rumfa ba ya son faɗin kuɗi a gaban mutum goma sha biyar. In ka ga lamba irin 3/25 a ƙasan hoto ko aikin ɗab'i, kwafi na uku ne cikin ashirin da biyar, kuma yawan kwafin yana rage farashi. Wanda ya saya ya karɓi rasit da takardar shaidar ingancin aiki mai sa hannun mai zane ko gidan da ya sayar. Tunda za ka ƙetare iyaka da shi, ka sa gidan ya nemo maka takardar hukumar gidajen tarihi ta Najeriya da ke nuna ba kayan tarihi ba ne, musamman in sassaƙa ce ko aikin tagulla. Itacen da ya saba da laimar Legas yakan tsage in ya haɗu da hunturu, don haka a bar shi cikin naɗinsa kwana biyu zuwa uku a ɗaki kafin a buɗe, a ajiye nesa da taga da rana ke bugawa.