Kafin ka koya wa kwamfuta kuskuren yara

Ɗan'uwa, ka tambayi ta inda ɗalibi zai fara in yana son kwaikwayon yadda yaro ke koyon harshe da ragar jijiyoyi ta kwamfuta, wato manhaja mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ke koyo daga misalai. Shawarata, ka sake gina aikin masana David Rumelhart da James McClelland na 1986 da hannunka, wato ragar da ke koyon sigar shuɗaɗɗen lokaci ta aikatau na Turanci. Ƙarami ne, kwamfutar cinya ma ta isa.

Yara masu koyon Turanci kan fara faɗin "went" (shuɗaɗɗen lokacin "go") daidai, can sai su koma "goed" saboda ƙa'idar ƙara "-ed", daga baya su gyara. Wannan hawa da saukar suka so ragarsu ta yi. Ƙwayoyin lissafi 460 ne a mashigar ragar, 460 a mafita, babu wata shimfiɗar ƙwayoyi a tsakaninsu. Suka fara ba ta aikatau 10, 8 daga ciki marasa bin ƙa'ida, zagaye 10. Sannan suka ƙara mata 410 a tashi ɗaya, yawancinsu masu bin ƙa'ida. Sai ga kuskuren ya fito.

A nan gizo ke saƙar. A 1988 masana Steven Pinker da Alan Prince suka ce ai wannan ambaliyar kalmomin ce ta jawo tuntuɓen, alhali maganar da yaro ke ji a gida ba ta juyawa haka dare ɗaya. A ganina sun yi gaskiya a nan. Don haka ka gwada sau biyu, da ambaliyar da kuma ƙarin kalmomi kaɗan-kaɗan, ka ga ko tuntuɓen zai dawo.

Kada ka tsaya kan yawan abin da ta ci daidai, irin kuskurenta za ka duba. Tasu ragar ta mayar da "mail" zuwa "membled" maimakon "mailed", abin da ba a san yara da shi ba. Ka ware kalmomin da ba ta taɓa gani ba don jarrabawa, kuma ka maimaita horon kamar sau 10, kowanne da sabon mafari na kacici-kacici, don horo ɗaya kan yi sa'a kawai.

In jam'in Hausa za ka ɗauka, gida gidaje, kare karnuka, doki dawaki, to ka sa alamar karin sauti da tsawon wasali tun wajen tara kalmomi. Rubutun boko ba ya nuna su, kuma tsarin jam'i na tafiya da su.