Ko maganin barci na babiturat yana maganin ciwon ɓarin kai?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki ci gaba da shan ƙwayar da ke da butalbital, wani nau'in babiturat, saboda ciwon ɓarin kai. Shawarata, ki koma wurin likita a sake dubawa. Babiturat yana kwantar da ƙwaƙwalwa, ya sa barci, amma jiki yana saurin sabawa da shi. In ana yawan sha, shi kansa yakan haddasa ciwon kai na kusan kullum. Haɗa shi da giya ko wani maganin barci na iya danne numfashi.

Kada ki daina kwatsam in kin daɗe kina sha, don dainawa kwatsam na iya kawo farfaɗiya. Ki tambayi likita batun sumatriptan, maganin da ake sha in ciwon ya taso, da propranolol na rigakafinsa.