Amsa ga Malama kan ruwan da ke gangarowa idan dusar ƙanƙara ta narke

Assalamu alaikum jama'a. Malama, na saurari saƙonki, kina tambayar me za ki ce wa 'yan ajinki game da ruwan nan da ke gangarowa daga duwatsu idan dusar ƙanƙara ta narke. To ni dai "malalen ƙanƙara" nake cewa, in kuma kina son ki fito da shi sosai, ki ce "ruwan narkakkiyar ƙanƙara". Malale ai ba baƙon abu ba ne a wurin yaro, yana ganinsa a layinsu duk damina.

Amma don Allah kar ki ce musu ambaliya, kamar yadda wani ɗan'uwa ya rubuto ɗazu. Ambaliya sai ruwa ya fi ƙarfin hanyarsa ya faɗa gidaje da gonaki. Shi kuwa wannan, galibi rahama ne, da shi miliyoyin mutane ke noma.

Inda yaran za su rikice shi ne ƙanƙarar da suka sani. Tamu da hadari take zuwa, ta yi ta dukan kwanon rufi, su fita da kofi suna tsinta, kafin ka ankara ta zama ruwa. Ta ƙasashen sanyi kuwa zuba take yi duk tsawon hunturu, ta taru a kan duwatsu wata da watanni kamar hatsi a rumbu. Sai zafi ya fara shigowa sannan take sakin ruwan kaɗan-kaɗan.

Ki haɗa musu da Kogin Kaduna mana. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ruwan sama ne ke cika shi, shi ya sa yake tumbatsa a Agusta da Satumba, a Maris kuwa in ka leƙa daga kan gada har duwatsun cikinsa kana gani. To kogunan Furat da Dajla, masu ratsa Iraƙi, daga duwatsun Turkiyya suke fitowa, cikarsu wajen Afrilu da Mayu ce, lokacin da ƙanƙarar ke narkewa. Kin gane? Zafi ne ke kawo musu ruwa. Haka kogin Indus na Pakistan, ƙanƙarar duwatsun Himalaya da maƙwabtansu ce ke shayar da shi.

Eh, yakan koma ambaliya, in zafi ya zo gaba ɗaya, ko ruwan sama ya sauka a kan ƙanƙarar alhali ƙasa tana daskare ba ta iya shanyewa. A nan ne kalmar ɗan'uwanmu take da wuri.

A allo ki rubuta musu: "Malalen ƙanƙara ya cika kogin Furat a watan Afrilu." Allah ya taimaka, Malama, a gaida yaran.