Kun Tambaya: Ciwon Suga, Gado, da Masu Yawo da Na'ura

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan suga suka tsaya, don haka masu tambayar firji da sola ku yi haƙuri sai wani jiƙon. Shafin nan na shawarar sayayya ne, ba ɗakin ganin likita ba. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya rage ko ƙwaya ɗaya saboda abin da ya karanta a nan.

Wata budurwa daga Gyallesu a Zariya: Babana da mamata duk suna da suga, kakata ma shi ne ajalinta. Ba na iya barci in na tuna. Na ga talla a intanet cewa in ka tura yawunka waje za a duba DNA a gaya maka ko za ka kamu. In zuba kuɗin adashena a ciki?

'Yata, kwantar da hankalinki, kuma ki bar kuɗin adashen nan a inda suke. Tsoronki yana da dalili. Suga nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, yana bin jini sosai, kuma wanda iyayensa biyu ke da shi ya fi kowa kusa da shi. Amma abin da gwajin zai gaya miki, gidanku ya riga ya gaya miki kyauta.

Wannan ciwo ba kamar sikila ba ne, inda ƙwayar gado ɗaya ce, AS ya auri AS a yi lissafi. Masana sun gano ɗaruruwan wurare a cikin ƙwayoyin gado da kowanne ke ƙara haɗarin da ɗan kaɗan. Mafi shahara shi ne TCF7L2 da aka gano a ƙasar Aisilan a 2006, kuma mutane da yawa na ɗauke da shi har su tsufa suga bai taɓa su ba. Ga wata matsalar: mafi yawan binciken da ake gina waɗannan gwaje-gwajen a kai, a jikin Turawa aka yi. A 2019 tawagar Charles Rotimi, ɗan Najeriya mai bincike a Amurka, ta duba mutane sama da 5,000 daga Najeriya da Gana da Kenya, ta gano wata ƙwayar mai suna ZRANB3 da binciken Turawa bai nuna ba. Kin ga ke nan lissafin da za a aiko miki ba lallai da irin jikinki aka yi shi ba.

Abin da zai amfane ki: gwajin suga da safe kafin karin kumallo, sau ɗaya a shekara, a ɗakin gwaji na gaske. In Allah ya kawo aure da juna biyu, ki faɗa wa masu awo tarihin gidanku tun ranar farko, don a gwada ki tsakanin mako na 24 da na 28. Kuma ki riƙe wannan: a wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, mutanen da sugansu ya fara hawa suka rage kusan kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, suna motsa jiki minti 150 a mako, sai kamuwa ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Masu shan metformin, ƙwayar maganin suga, ragin kashi 31 suka samu. Tafiyar rabin awa ce, kwana biyar a mako. Ki yi barcinki, 'yata.

Wani malamin makaranta daga Samaru: Takardar ɗakin gwaji ta ce 6.4, na'urar abokina ta ce 115. Wa ya yi ƙarya?

Babu. Ma'auni biyu ne. Raba 115 da 18, Malam, ka ga me zai fito. A ma'aunin manyan lambobi, kafin cin abinci, ƙasa da 100 lafiya ne, 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama suga ne idan an maimaita wata rana an sake samu. Kana cikin gargaɗi. Rage sukarin shayi da lemon kwalba, ka kai takardar wurin likita.

Wata uwa daga Wusasa: An ce in yi HbA1c, ya fi na kullum tsada. Ni AS ce, ɗana kuma SS. Ya cancanci kuɗinsa?

Tambaya mai kyau, 'yar'uwa. Suga yana mannewa a jikin jajayen ƙwayoyin jini, su kuma suna rayuwa kusan kwana 120. Saboda haka wannan gwaji yana nuna yadda suganki ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba na safiyar nan kaɗai ba. Shi ya sa masu kame baki kwana biyu kafin ranar asibiti don likita ya yaba musu ba sa son sa. A ma'aunin wannan gwaji, daga 6.5 zuwa sama suga ne, 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi.

Amma duk abin da ya gajarta ran ƙwayoyin jini yana sa lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Ga ɗanki mai SS, ba a dogara da wannan gwaji, sai a bi na suga kai tsaye. Haka wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya zuƙe. Akwai ma wani gado da ake kira ƙarancin G6PD, mai yawa a mazan Afirka, da ke danne lambar har mai ciwo ya zaci lafiyarsa lau. Ke mai AS kina iya yi, sai dai wasu na'urorin suna rikicewa da jinin S ko C. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ki faɗa musu ke AS ce kafin ki biya, ki tambaya ko na'urarsu na iya aiki da shi. In mai karɓar kuɗi ya tsaya yana kallonki, ki ɗauki jakarki ki nemi wani wuri.

Wani magidanci daga Sabon Gari: Wasu sun zo unguwarmu da kwamfuta, ka riƙe wani ƙarfe minti ɗaya sai ta fito da komai, suga, hanta, ƙoda. An ce sugana ya taɓa fankiriyas, an sayar min da robobi uku na magani mai lambar NAFDAC. An ce in daina na asibiti. In ci gaba?

Malam, ka koma kan maganin asibitinka yau, ba gobe ba. Sauran kuma ka ba ni aron kunnenka, domin wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ƙarfen da ka riƙe bai auna komai ba. Suga a cikin jini yake, sai an huda fata ake ganinsa. Hanta da ƙoda sai an ɗebi jini ko fitsari. Abin da kwamfutar ke yi, a shigar da shekarunka da nauyinka ta zubo shafuka masu ja da kore. Ka gwada: ka koma da yamma ka faɗi wasu shekarun daban, ka ga ko hantar taka ba ta warke ba. Kuma ka taɓa jin wanda na'urar nan ta ce lafiyarsa lau, ya tafi gida? Gwajin suna yin sa da araha ko kyauta ne saboda ribar na cikin robobin. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai gwaji shi ne mai sayar da magani, a teburi ɗaya, a ƙofar masallaci ko bakin tasha, jibi kuma ba ka san inda ya nufa ba.

Batun lamba. Da farko, buga lamba a kwali ba wuya, duk mai injin ɗab'i zai iya. Na biyu, ko ta gaske ce, irin rajistar da ake ba mafi yawan magungunan gargajiya ba shaida ba ce cewa suna warkar da abin da aka rubuta a jiki. Ka juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun, sau da yawa za ka ga an ce hukumar ba ta tantance da'awar ba. Wa ke karantawa? Mu da ko takardar cikin kwalin fanadol ba ma buɗewa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda yake "aiki". A ƙasashe da dama an sha kama garin gargajiya na suga an cakuɗa shi da maganin bature irin glibenclamide, ba a rubuta ba, ba a auna ba. Mutum ya sha, suga ya sauka, ya shiga yabon mai magani a majalisa. Wata rana ya haɗa da na asibiti ko ya sha bai ci abinci ba, sai gumi da karkarwa da suma, a ce iska ce ko jifa. Wanda kuma ba ya aiki, yana barin suga ya yi ta cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye, don ciwon ba ya ihu. Sai ƙaya ta soki ƙafa ba a ji ba, gyambo ya ƙi warkewa, a kwashi mutum zuwa asibitin koyarwa na Shika lokacin da magana ta koma ta yanka. A lissafa kuɗin robobin nan uku, a kwatanta da kuɗin metformin na wata uku. Mutanenmu za su yi ciniki na rabin awa a kan mudun wake, amma mai lasifika ya ce "sadidan, ba ya dawowa", sai a zaro kuɗi ba ragi.

Ban ce zogale ko shuwaka ko hulɓa guba ba ne. Ku ci kwaɗon zogale, abinci ne mai kyau. Abin da na ƙi shi ne gari marar suna a roba, da mutumin da zai ce ka jefar da maganin likita. Duk wanda ya ce maka yana warkar da suga kwata-kwata cikin kwana kaza, ka riƙe aljihunka. Ka kai robobin nan wurin likitanka, ka roƙi a duba maka ƙoda.

Wani ɗalibi daga Kongo: Agogon hannu mai auna suga ba tare da allura ba fa?

Agogo ne. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a Fabrairun 2024 cewa ba ta amince da agogo ko zobe ko ɗaya da ke da'awar haka ba. Duba lokaci da shi.

Wata Hajiya daga Tudun Wada: Na koma tuwon alkama da zuma maimakon sukari, amma suga ya ƙi sauka.

Haba Hajiya. Zuma ai suga ce, in ji wa ta fita daga lissafi? Alkama kuma hatsi ce kamar dawa da masara, malmala uku na alkama sun fi malmala ɗaya ta dawa illa. Rage malmala, ƙara miya da ganye da wake. Ba sai kin sayi gari mai tsada mai hoton likita ba.

Wani ɗan kasuwa daga Kwangila: Shekarata 48, ina da teɓa, jinina 140 bisa 90, amma suga 104 ne kuma an ce kitsen jinina lafiya. Matata ta ce wuyana ya yi baƙi, in sayi mai. Wane gwaji ya rage?

Alhaji, aron tef ɗin tela za ka fara yi. Likitoci na duba abubuwa biyar masu tafiya tare: faɗin ciki, hawan jini daga 130 bisa 85, suga daga 100 kafin cin abinci, kitsen jini da ake kira tiraigilisaraid daga 150, da ƙarancin kolestarol mai amfani, HDL, ƙasa da 40 ga namiji, 50 ga mace. Uku cikin biyar sun isa a ce mutum na kan hanyar suga da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kana da biyu a hannu. Auna ciki a tsaye, daidai wajen cibiya, ba inda kake ɗaure wando ba. In ya kai santimita 94 (mace 80), sun cika uku.

Kada kitsen jinin ya ruɗe ka. An lura cewa mutanen Afirka ta Yamma sukan nuna tiraigilisaraid daidai ko da jikinsu ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini. Baƙin wuyan nan ma, in yana da kauri da laushi, yakan zama alamar hakan ne, ba dauɗa ba, kuma man bilicin ba zai taɓa shi ba. Ka gaya wa Hajiya ta bar kuɗin man. Jinin nan naka kuwa yana buƙatar likita a wannan watan.

Da dama sun tambaya: wace na'urar gwajin suga za a saya ta gida?

Kada ku fara da tambayar kuɗin na'ura, ku tambayi kuɗin tsinken gwajinta, sitirif, da ko ana samunsa a Zariya kullum. Na'ura sau ɗaya ake saye, tsinke kuwa har abada. Wadda ɗan'uwa ya kawo tsaraba daga Saudiyya ko Ingila takan ƙare a durowa saboda babu tsinkenta a nan. Ku saya a kantin magani mai rajista, kwali a rufe, ku duba ranar lalacewa. Kada ku karɓi tsinke da aka ƙirga muku a leda. Zafi da laima suna lalata shi, yawancinsu ba a son su wuce digiri 30, ku kuwa kun san Zariya a watan Afrilu. Ba a barin sa a mota ko kan taga, kuma a rufe robar da zarar an ɗauki ɗaya. A wanke hannu a shanya kafin a huda, don wanda ya gama cin mangwaro ko dabino zai ga lambar da za ta tayar masa da hankali a banza. Ko na'ura mai kyau tana iya kaucewa da kusan kashi 15 cikin ɗari, saboda haka 130 da 140 a jere ba lalacewa ba ce. Ranar da za ku ɗakin gwaji ku tafi da ita, ku huda yatsa a lokacin da aka ɗebi jinin, ku kwatanta sakamakon biyu.