Ma'aikatan laburare sun yi sanyi: albashi ne ko rashin sakin mara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina riƙe da sashen katalog a laburaren wata jami'a a nan Kano, da ma'aikata shida. Aiki ya yi sanyi, kwalayen sababbin littattafai na jibge, kowa kukan albashi yake yi, ni kuwa ƙari ba a hannuna yake ba. Me ya rage mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kukan albashi gaskiya ne, amma ko an ƙara gobe, kwalayen nan ba za su buɗe kansu ba. Tun 1959 masanin halayyar ɗan Adam Frederick Herzberg ya nuna cewa albashi da yanayin wurin aiki, kamar wuta da fanka a zafin Afrilu, ƙorafi suke ragewa. Son aiki kuwa daga aikin kansa yake fitowa. A 1976 wasu masana biyu, Hackman da Oldham, suka lissafa abubuwa biyar da ke jawo shi, biyu kuma suna hannunka: 'yancin yanke hukunci, da sanin sakamakon abin da mutum ya yi.

Duba teburinka tukuna. In har kowane littafi sai ka sa hannu a lambarsa, wadda ke nuna wurinsa a kanta, kafin ya hau, to kai ne ka tare hanya. Mai digiri da rajistar LRCN, hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista ta Najeriya, a ce ba zai ba littafi lamba ba sai an duba masa kamar ɗan firamare, dole gwiwarsa ta yi sanyi.

Raba musu fannoni bisa tsarin lambobin littattafai na laburaren majalisar Amurka, inda kowane fanni ke da harafinsa: wannan ya riƙe K na shari'a, wancan R na likitanci, mai Larabci ya ɗauki BP, inda Musulunci yake, da PJ, inda harshen Larabci yake. Kowa ya bi littafinsa daga kwali har ya shiga Koha, manhajar kwamfuta ta laburare. Kai kuma ran Juma'a ka zari ɗaya cikin goma ka duba, ka faɗa wa kowa inda ya kuskure da inda ya burge.

Inda ake ɓarin garin shi ne sakin mara ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ba. Sai ka ga littafi ɗaya da lamba biyu, ko sunan marubucin Larabci an rubuta shi iri uku da boko, ɗalibi ya gan shi a kwamfuta ya rasa shi a kanta. Ku zauna ku rubuta ƙa'idar tare, shafi biyu sun isa. Sabon ɗauka kuma ya yi wata shida ana duba masa.

Tunda ƙarin girman ma'aikatanka na rataye da wallafa bincike kamar malaman jami'a, ware wa kowa rabin yini a mako don rubutu.

Sai dai kada ka zaci fara'a ita ce aiki. Nazarin Timothy Judge da abokansa na 2001 ya sami alaƙar gamsuwa da ƙwazo kusan 0.30 a ma'aunin da ƙololuwarsa 1 ne, wato matsakaiciya. Don haka ka ƙirga littattafan da ke hawa kanta duk mako tun kafin sauyin, ka kwatanta bayan wata uku.