Tambaya da Amsa: Ɗauko karen pit bull daga gidan kula da dabbobi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka da iyalina, ƙaramin yaronmu shekararsa 4. A gidan kula da dabbobin da aka yasar na garinmu na ga wani pit bull ɗan shekara 2, ina so in ɗauko shi ya riƙa yi mana gadi. Me ya kamata in duba kafin in sa hannu? — Mai karatu daga Texas

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, in gadi ne kawai buƙatarka, ka sake shawara. Yawancin karnukan nan son mutane gare su, har baƙon da ba su taɓa gani ba sai su tare shi da kaɗa wutsiya. Inda aka fi samun matsala da su shi ne tsakaninsu da sauran karnuka, domin asalinsu daga Ingila ne a ƙarni na 19, inda aka haɗa jinsin bulldog da terrier, aka riƙa sa su faɗa. Wannan hali yakan fito fili ne bayan kare ya cika girma, wajen shekara 2 zuwa 3, wato daidai shekarun wanda ka gani.

Kafin ka koma wurin, fara da takardu. Dokar pit bull ta bambanta daga gari zuwa gari. Birtaniya ta hana riƙe shi tun 1991, lardin Ontario na Kanada ya bi sahu a 2005, birnin Denver na Amurka kuma sai a 2020 masu zaɓe suka ɗage haramcin, shi ma da sharaɗin lasisi. In haya kake, karanta yarjejeniyarka, ka kuma kira kamfanin inshorar gida. Karnuka da yawa ana mayar da su ne saboda mai gidan haya ya ƙi, ba don sun yi laifi ba.

A can kuma ka tambayi ma'aikata kai tsaye: tsintar sa aka yi ko masu shi ne suka kawo shi, kuma don me? Ya taɓa cizo? Ya zauna da yara? Ka roƙi a fito da shi fili. Ka lura da jikinsa idan wani kare ya gifta: in ya sandare, ya ƙura ido, ya rufe baki, wutsiya a miƙe, wannan gargaɗi ne. Wanda jikinsa ya saki, aka kira shi ya waiwayo, shi ake nema. Ka koma da iyalinka gaba ɗaya a ziyara ta biyu, in kuma suna ba da riƙo na gwaji na 'yan makonni, ka karɓa. Da yaro ɗan shekara 4 a gida, mu dai ba za mu ba da shawarar karen da ba a san tarihinsa ba.

Ka karɓi katin allurar haukan kare da ta cututtukan karnuka da ake kira parvo da distemper, da shaidar an yi masa dandaƙa, da sakamakon gwajin tsutsar zuciya. Sauro ke yaɗa ta, kuma Texas na fama da ita, don haka maganin rigakafi na wata-wata wajibi ne.

Makonnin farko a gida su ne masu wuya. Ka ware masa ɗaki ko keji, ka hana baƙi zuwa kallonsa, ka ciyar da shi sau 2 a rana a wurin da yaro ba ya shiga. Sau da yawa cizon yara yana faruwa ne a kan kwanon abinci, ko ƙashi, ko lokacin da kare ke barci, saboda haka kada a bar kare da yaro su kaɗai ko da na minti ɗaya. Katanga ta kai mita 1.8, domin suna da tsalle. Wuyansa kusan kaurin kansa ne, abin wuya na gama-gari yakan zame, ka sayi irin wanda ake kira martingale, mai ɗan matsewa idan kare ya ja. Yana buƙatar motsa jiki na kamar awa ɗaya kullum, in ba haka ba kujerunku za su sha tauna. Ɗaure shi da sarƙa yini guda ko dukansa yana ƙara masa zafin rai ne kawai.

Uwargida kuma ta kiyaye: ragowar miya mai albasa ko tafarnuwa tana lalata masa jini, inabi na iya kashe ƙoda, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya huda hanji.