Ƙaton ƙwai a akurki: a sayi kazar ko a bari?

Tambaya: Maƙwabciyata tana da sagara mai saka ƙwai da ya kusa ninka na sauran kaji. Ta ce za ta sayar mini, amma kuɗin ya ɗara na kasuwar Wudil nesa ba kusa ba. In saya don in samu iri? Daga wata uwargida a Gaya.

Amsa: Uwargida, kada ki ƙara ko sisi saboda girman ƙwan nan. Ki roƙi guda ki fasa a kwano, galibi gwaiduwa biyu za ki tarar. In ba ta yarda a fasa ba, ki shiga ɗaki mai duhu ki ɗora shi a bakin tocila, inuwa biyu za su bayyana. Sagarar da ta soma saka ƙwai jikinta bai gama daidaita ba, sai ta saki gwaiduwa biyu kusan lokaci guda, ɓawo ɗaya ya rufe su. Bayan 'yan makonni takan daina.

Maganar iri kuwa, irin wannan ƙwai da wuya ya ƙyanƙyashe. Wuri da iska ba sa isar 'yan tsaki biyu, sai kaza ta kwashe kwana 21 tana kwanci a ƙare da baragurbi. Na soyawa ne. Na kwanci a zaɓi matsakaici, mai santsin ɓawo, wanda bai wuce mako guda ba.

In manyan ƙwai kike so kullum, jinsi za ki sauya. Ƙwan kazar Hausa yakan kai giram 40, na Shika Brown, wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Zariya ta samar, kusan 60. Sai dai kowace Shika Brown tana cin kimanin giram 120 na abincin kaji masu ƙwai a rana. Dusa da tsaki kaɗai ba za su riƙe ta ba, kuma ba kasafai take kwanci ba.

Tambaya: Kazata ta saka ƙaton ƙwai da jini a jikinsa, yanzu wani jan nama ya leƙo ta bayanta. Daga wani manomi a Ringim.

Amsa: Malam, maza ka ware ta, domin 'yan'uwanta na ganin ja za su tsattsage wurin har ta mutu. Wanke naman da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ka shafa wa yatsa mai tsabta man gyaɗa, ka mayar da shi a hankali. Ajiye ta a wuri mai duhu, a rage abinci kwana uku zuwa huɗu don ta tsagaita da saka ƙwai, amma ruwan sha kada ya yanke. Ƙiba daga yawan masara da barin fitila a kunne har asuba ne suka fi jawo wannan. Haske a akurki kada ya wuce awa 16 a rana. A gasa ɓawon ƙwai a daka a zuba mata a abinci. In naman ya sake fitowa, a kai ta wurin malamin dabbobi, ko a yanka ta tun tana da ƙarfi.